Yadda za ku kai darasin ƙwayoyin cuta makarantar firamare, yara su gani da idonsu

Salamu alaikum. Wanga bayani na ɗaliban kimiyya ne na jami'o'in Aliero da Kalgo, da ƴan makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, da ƴan bautar ƙasa da aka turo Kebbi, irin masu haɗa ƴar ƙungiya su ce za su shiga firamare su wayar wa yara kai a kan ƙwayoyin cuta. Niyyar mai kyau ce wallahi, sai dai yadda aka saba yi shi ne a ɗinko riguna iri ɗaya, a buga bana, a tara yara a filin asambuli cikin rana, mutum ɗaya ya riƙe lasifika ya yi ta zuba turanci har yara su fara hamma, a tafa, a ɗau hoto a sa a Facebook, shikenan an gama. Yaron bai ga komai ba bai taɓa komai ba, kuma ana tashi tara zai fito daga bayan gida ya nufi wajen mai awara. Gani ya kori ji, to aikin naku duka shi ne ku nemo dabarar da yaro zai ga abin da ido baya gani, ya kuma taɓa da hannunsa.

Kafin ku taka ƙofar makaranta

Ku fara da takarda zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan ku je wajen hedimasta da ƙafarku, waya bata wadatar. Ku roƙe shi ya haɗa ku da shugaban kwamitin iyaye na makarantar, in ƙauye ne kuma a je a gaida mai gari da liman. Abu ɗaya za ku nanata musu har su gaji da ji: ba allura muka zo yi ba, ba magani muka zo rabawa ba, ba jinin kowa za mu ɗiba ba. Kun san halinmu, in aka ga baƙi da fararen riguna sun shiga aji, kafin ku buɗe jaka labari ya kai kasuwa cewa ana yi wa ɗiyan mutane allura, iyaye su zo su kwashe yaransu. Don haka farar rigar lab ɗin nan ku bar ta a gida, ku sa kayanku na kullum. Ku tambayi hedimasta lafiyar hanya da lokacin da ya fi dacewa, shi ya san garinsa. Hoton fuskar yara kuma sai da izini.

Ranar da kuka je kai takardar ku ɗan zaga makarantar. Akwai masai, kuma ana shiga ko an kulle? Ina yara ke shan ruwa, burtsatse ne ko rijiya ko randa ɗaya da moɗa ɗaya? Ina masu talla ke zama? Abin da kuka gani shi zai zama misalinku a aji.

Ku zaɓi ƴan aji 4 zuwa 6, aji ɗaya a lokaci ɗaya, a cikin ajinsu, malaminsu na zaune. Waɗannan su ne masu goyon ƙanne da ɗebo ruwa da zuwa kemis in an aike su, abin da suka koya yana shiga gida a ranar. Kuma ku shirya zuwa sau biyu, da mako guda a tsakani, don akwai gwajin da sai ya kwana biyu yake nuna kansa. In kun samu dama ku je gab da faɗuwar damina tunda lokacin ne amai da gudawa ke tashi, ko ku daidaita da 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya da aka fara tun 2008, hedimastoci sun fi saurin amsawa in da suna a kan ranar.

Kayan aiki ba su da yawa: man shafawa ko man gyaɗa, garin gawayi da aka tankaɗe, sabulu, buta biyu, roba ta tare ruwa, mudun shinkafa, burodi mai yanka-yanka sabon gashi, farar leda mai kauri, salatif, maka, jarka mai lita 4 ko 5, igiya, ƙusa, kyandir, sanduna. Sai madubin likita, wato na'urar da ke girmama abin da ido baya gani, in za ku iya arowa daga lab ɗin wata sakandare ko sashenku, ku nemi irin mai ɗan madubi a ƙasa wanda ke aiki da hasken rana don kar ku dogara da NEPA.

Zuwa na farko

Kar ku fara da bayani. Ku tambaye su: me ke sa ƙaninka gudawa? Za ku ji amsoshi, haƙori ne, zafin rana ne, iska ce, mangwaro ne, wani ya ce maita. Ku rubuta duka a allo, kar wanda ya yi dariya a cikinku, don abin da kakarsa ta faɗa masa ne yaron ya kawo, in kun kunyata shi kun rasa shi har a tashi. In wani ya ce cuta daga Allah take ku ce awo, haka ne, kuma Allah ya sanya wa komai sababi, sababin ne muka zo dubawa.

Sai wasan gawayi, wanda shi ne zuciyar ranar. Ku kira yaro ɗaya, ku shafa masa mai kaɗan a tafin hannu, ku barbaɗa garin gawayi ya murza. Ku ce wanga baƙin shi ne ƙwayoyin cuta, yanzu ya fito daga bayan gida bai wanke hannu ba. Ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, a yi ta yi har layin ya ƙare, ɗaya ya ari biro, ɗaya ya kama moɗa, ɗaya ya ɗauki littafin wani. Ƴan mata su yi nasu layin daban da mace a cikinku. Bayan minti biyu ku ce kowa ya ɗaga hannu. A nan ajin ke rikicewa, don za a ga baƙi a hannun yaro na takwas wanda ko kusa da na farkon bai je ba, a ga baƙi a hancin wani da ya sosa bai sani ba, a bakin moɗa, a gefen hijabi. Ku bar su su yi ihunsu, kar ku yi saurin cewa a yi shiru. In sun lafa sai ku tambaya: in uwarku ta ɗebi ruwa da wagga moɗa ta ba jariri fa?

Daga nan wanki. Yara uku masu baƙin hannu su fito gaba. Na farko ya goge a tsumma, na biyu a zuba masa ruwa zalla da buta, na uku ruwa da sabulu, ya cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce, aji na ƙirga masa 1 zuwa 20 a hankali. Kowannensu ya danna hannu a farar takarda. Ba sai kun yi dogon sharhi ba, takardun sun gama magana. Dalilin kuma kowace yarinya a ajin ta san shi daga wanke-wanke, kwanon miyar manja baya fita da ruwa kawai. Fatar hannu tana da maiƙo, ƙwayoyin suna maƙale a cikinsa, sabulu ke kwance maiƙon ruwa ya tafi da su.

Anan ku tsaya ku yi maganar robar wanke hannu ta gida, wadda ake zagayawa da ita kafin cin tuwo, babba ya fara tsomawa ƙarami ya ƙare. Ku gwada a gabansu, yara biyar masu gawayi su tsoma a roba ɗaya, sai ku ce wa zai zo na shida? Ba wanda zai fito. A zuba da buta, ruwan ya zube ƙasa, shi ne gyaran, kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu tunda hadisi ya zo cewa wanda ya tashi daga barci kar ya tsoma hannunsa a mazubin ruwa sai ya wanke shi sau uku. Lokutan da ba a wasa da su: bayan fitowa daga bayan gida, bayan yi wa ƙani tsarki, kafin cin abinci, kafin ba jariri abinci ko taɓa girki.

Akwai wani gwaji da ya cika intanet, a barbaɗa yaji a kan ruwa a tsoma yatsa mai sabulu yajin ya watse gefe, a ce wai ga ƙwayoyin cuta na gudun sabulu. Ni bana son shi. Abin da ke faruwa sabulun ne ya sassauta saman ruwan, ba ruwansa da ƙwayar cuta, kuma yaro zai tafi da tunanin taɓa sabulu kawai ya isa ba sai an cuɗa ba.

Yanzu shinkafa. Bakteriya ƙanana ne ƙwarai, irin su kusan 1,000 za su jeru a tsawon milimita ɗaya, ku nuna musu milimita a jikin rula. Kuma ba haihuwa suke ba, ɗaya ke rabewa biyu, wasu irinsu in sun samu ɗumi da danshi da abinci duk minti 20 suke rabewa. Ku zana gidaje a ƙasa da alli, gida na farko ƙwayar shinkafa 1, na biyu 2, na uku 4, sai 8, 16, yara su yi ta ƙirgawa suna ninkawa. Wajen 256 za su fara gajiya, sai ku ƙarasa a allo: awa 3 da minti 20 an kai 1,024, awa 7 an haura miliyan 2. Sai ku tambaya, shinkafa da miyar da aka bari a buɗe tun safe a zafin watan Afrilu na Birnin Kebbi, ƙuda na sauka na tashi, awa nawa ta yi kafin la'asar? A rufe abinci, in ya jima a sake tafasa shi sosai, ba ɗan ɗumi ba.

Kafin ku tafi ku ɗana gwajin burodi. Yanka huɗu. Na farko kar hannu ya taɓa shi, ku juya ledar ku ɗauke shi da ita. Na biyu ya zaga hannun yara da suka dawo daga tara ba su wanke ba. Na uku yaron da ya wanke da ruwa kawai ya dafa shi, na huɗu wanda ya wanke da sabulu hannun ya bushe a iska. Ku ɗiga wa kowanne ruwan da aka tafasa ya huce, ɗigo biyu ko uku, ku ɗaure ku naɗe da salatif, yara su rubuta suna da kwanan wata da maka, kowa kuma ya rubuta a littafinsa wanda yake zaton zai fara lalacewa. A ajiye a kabad ɗin hedimasta inda ɓera ba zai kai ba. Doka ɗaya: ba a buɗewa, ko yau ko ranar dubawa.

Wajen wanke hannun da za ku bari

In kun koya wa yara wanke hannu kuka tafi kuka bar makaranta ba ruwa ba sabulu, to hira kawai kuka yi. Ku haɗa musu famfon jarka tare da manyan yaran. A kafa sanduna biyu masu gwafa a gicciya ɗaya a sama, a zura ta a hannun jarkar. A gasa ƙusa a kyandir a huda jarkar ƙasa kaɗan da murfi, a ɓangaren da ba hannu. A ɗaura igiya a wuyanta, ɗaya bakin igiyar a ɗaura a wata sanda da ke kwance a ƙasa, in an taka sandar jarkar ta sunkuya ruwa ya tsiyayo siriri, hannu bai taɓa komai ba. A tona ɗan rami a ƙasanta a cika da tsakuwa don kar wajen ya zama taɓo. A kafa shi a bakin masai, ba a ƙofar ofis ba.

Sabulun sanda baya kwana a makaranta, ko akuya ta ci ko ya bi wani gida. Abin da ya fi ɗorewa shi ne ruwan omo, ƙaramin ƙulli ɗaya a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin a rataye a gefe. In ya ƙare gaba ɗaya toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. Malamin aji ya raba wa yara kwanakin cika jarka kamar yadda ake raba shara.

Zuwa na biyu

Burodi za ku fara da shi don shi suke jira. Yawanci wanda ya zaga hannun da ba a wanke ba shi ke fara yin hunhuna, kore da baƙi da fari, wanda ba a taɓa ba yana nan kusan yadda yake. Amma wani lokaci abin baya fitowa tsaf, na sabulu ma ya yi tabo, ko duka su ƙi yin komai saboda burodin kamfani ne mai maganin hana lalacewa ko hunturu ya busar da shi. Kar ku ɓoye, kar ku canza leda a ɓoye. Ku tambaye su me suke gani ya jawo, za ku ji wani ya ce ai Malam ya taɓa riga bayan ya wanke, to wannan yaron ya fara kimiyya. A ƙarshe ku da kanku ku kwashe ledojin a rufe ku ƙona ko ku binne.

Sai madubin likita. Kwana uku ko huɗu kafin ranar ku ɗebo ruwan kududdufi ko na fadamar shinkafa, da ɗan gansakuka a ciki, ku jefa busasshiyar ciyawa ku ajiye a inuwa, halittun za su yawaita. Ɗigo ɗaya a gilashi ya isa. Ku saita da kanku tukuna, sannan yara su zo ɗaya bayan ɗaya, ko ku ɗora kyamarar waya a bakin madubin biyar su kalla tare. Za su ga abubuwa na iyo suna juyi a cikin ɗigon da suka rantse ba komai a ciki, za ku ji ana Malam yana motsi wallahi! Ku faɗa musu gaskiya, yawancin waɗannan masu iyo ba su ke sa cuta ba, bakteriya sun fi su ƙanƙanta nesa, bairos kuwa irin na ƙyanda da shan inna wanga madubi baya ganinsu sam. Kuma mutumin da ya fara ganin irin haka ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya goga gilashinsa da kansa ya duba ruwan tafki a 1674, daga baya har dattin haƙorinsa ya kankaro ya duba. Jini da fitsari da bayan gida kuwa kar ku kai su aji ko da wasa.

Kar ku bar su da tunanin wanke hannu na maganin komai, don ƙofofin shiga jiki sun bambanta. Gudawa da kwalara da taifot da tsutsar ciki ta baki suke shiga, daga kashi zuwa hannu ko ƙuda ko ruwa. Ƙyanda da tarin fuka da mashaƙo da sanƙarau numfashi da tari ke ɗaukarsu, manya basu manta da sanƙarau na 2017 da ya fi yi wa maƙwabtanmu Zamfara ɓarna ba, waɗannan allurar riga-kafi ce babbar garkuwarsu. Maleriya sauro ne, sai gidan sauro, kuma Kebbi na sahun gaba a ƙasar nan wajen yawanta a jikin ƙananan yara, shi ya sa da aka fara riga-kafin maleriya a Najeriya a Disambar 2024 da Kebbi da Bayelsa aka fara, ana soma wa jariri daga wata 5. In makarantar na bakin gulbi ce, wajen Yauri ko Argungu ko Bagudo, ku daɗe a kan tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini. Tsutsar tana girma a jikin katantanwar ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko kamun kifi ko aikin shinkafa, ƙwanta kuma ya koma ruwa ta fitsarin mai ciwon. Wasu samarin suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma ce, ku gaya musu ciwo ne kuma yana da magani a asibiti. Kar ku ce mai yi ya ɗaga hannu a gaban aji.

Ruwan sha a taƙaice: alif yana kwantar da laka ne kawai, ruwan ya yi garau amma ƙwayoyin na nan, sai an tafasa ko an sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Randa a rufe, moɗa a rataye.

Ku ɗan faranta musu da cewa ba duka ƙwayoyin ne mugaye ba, su ke mayar da madara kindirmo, su ke nuna daddawa, yis ɗin da ke kumbura fanke ma mai rai ne. Ku kaɗa yis da sukari da ruwan ɗumi a gora ku ɗaura balan-balan a baki tun farkon darasi, kafin ku gama ta kumbura.

Abu na ƙarshe da za su yi da hannunsu shi ne haɗa ruwan gishiri da sukari, don abin da ke kashe yaro mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Wanda ya fi shi ne na ƙulli da ake samu a asibitin sha-ka-tafi ko kemis, a juye a lita ɗaya na ruwa mai tsabta, wato fiya wata leda biyu. In babu, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, a shafe cokalin kar a yi masa tozo, gishiri in ya yi yawa illa ne. A ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci, in ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo, a kuma karɓo ƙwayar zinc a sha kwana 10 zuwa 14. In ido ya faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a bayan gidan, ko jikinsa ya saki, asibiti kai tsaye. Kafson nan ja da yalo da ake aikensu sayowa ba shi ne maganin kowace gudawa ba, yawancin gudawar ƙananan yara bairos ne kuma kafso baya taɓa shi.

Za a samu yaron da zai biyo ku waje ya ce ƙanwarsa kwana uku tana zazzaɓi me za a ba ta. Kar ku faɗi sunan magani ko da kun sani. Ku sa malamin ajin ya aika wa iyayen a kai ta asibitin da ke kusa a yi gwaji a ranar, ku kuma karɓi lambar malamin don ku kira bayan mako biyu ku ji ko jarkar na nan da ruwa.